Burauza ɗaya, mutum goma: amsar tambayoyinku kan Neko

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ambaci Neko a wannan fili na ce akwai burauzar da mutum zai ajiye a wata na'ura can nesa ya riƙa shiga daga ko'ina, har shi da abokansa su yi amfani da ita lokaci guda, saƙonni suka yi ta shigowa. Na zaɓo guda biyar, wasu na taƙaita su saboda tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malami ne a Kaduna ina koyar da yara harkar kwamfuta da yamma, wasu ɗalibaina suna Zariya wasu Funtuwa, ta Zoom muke yi amma da na fara nuna musu skirin ɗina sai netwok ya fara yankewa. Wai mene ne wannan Neko ɗin kuma zai min maganin wannan?

AMSA: Malam barkanmu dai. Toh bari in fara da yadda abin yake aiki dan in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Burauzar da kake buɗewa a wayarka ko laftof ɗinka, Chrome ne ko Firefox, a cikin na'urarka take zaune, ita ke ɗauko shafi ita ke nuna maka. Neko kuma sai ya ɗauki Firefox ɗin sukutum ya kai ta wata kwamfuta daban da ake kira saba, can take buɗe shafuka can take kunna bidiyo, kai abin da ke zuwa maka hoton skirin ɗinta ne da sauti kamar kana kallon talabijin, in ka motsa mawus ko ka danna kibod sai saƙon ya tafi can a aiwatar. Kuma ba kai kaɗai ba, duk wanda ka ba linki da fasawod zai shigo ɗakin ya ga abin da kake gani a daidai lokacin, akwai ma wajen hira a gefe.

Asalin abin daga wani shafi ne mai suna Rabb.it da mutane ke haɗuwa su kalli bidiyo tare, aka rufe shi a 2019, sai wani mai rubuta manhaja ya ce bari ya gina irinsa wanda kowa zai ɗora a tasa na'urar ba sai ya jira kamfani ba. Yanzu wanda ke riƙe da aikin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, da sunan m1k1o aka san shi, manhajar kyauta ce kuma a buɗe take kowa zai iya duba cikinta. Neko da Japananci kyanwa kenan, shi yasa zaka ga hoton mage a jiki.

Abubuwa biyu ne suka riƙe shi. Na farko Docker, wanda ya fito a 2013, aikinsa ya naɗe manhaja da duk kayan da take buƙata cikin abu ɗaya da ake ce wa kwantena, kuma sunan ya dace dan kamar kwantenar da ake saukewa a tashar Apapa take, an rufe da kayanta a ciki, duk motar da ta ɗauka haka za ta kai ta. Kaga ba sai ka zauna kana haɗa Firefox da abin sauti da abin ɗaukar skirin ɗaya bayan ɗaya ba, ka jawo kwantenar ka tayar shikenan, in ta lalace ka jefar ka jawo sabuwa, sauran na'urarka ba abin da ya same ta. Na biyu WebRTC, fasahar kiran bidiyo ta cikin burauza da Google ya saki a 2011, irin wadda Google Meet ke amfani da ita, ita ce ta sa hoto da sauti ke zuwa da sauri ba kamar tsofaffin hanyoyin shiga kwamfuta daga nesa ba da sauti ke wahalar da su.

Yanzu ga matsalarka. In kana nuna skirin a Zoom, layinka ne ke ɗauko bidiyon daga intanet kuma shi ne zai sake tura hoton sama, aiki biyu a kan layi ɗaya, kuma layukanmu na waya ƙarfin turawarsu bai kai na saukewa ba. Da Neko saba ce ke ɗaukar nauyin nan duka, kai ma ɗan kallo ne kamar ɗalibanka, in netwok ɗinka ya yanke ɗakin yana nan bai mutu ba yara na ci gaba da gani. Abin da ya fi burge ni a harkar koyarwa kuma shi ne miƙa linzami, mutum ɗaya ne ke riƙe da mawus a lokaci guda, sai ka ce wane karɓi ka nuna mana yadda ake cike fom ɗin nan, ya karɓa ya yi kowa na kallo, in ya ɓata ka karɓe ka gyara. Yaro da hannunsa ya yi ba zai manta ba. Amma fa muryarka dole ka nemo mata hanya, ni shawarata ku bar kiran murya na WhatsApp ko Telegram a buɗe a gefe, shi baya cin data sosai. Sannan ka gaya wa yaran masu waya su kwantar da ita, dan skirin ɗin kwamfuta ne ake matso musu cikin ƙaramin gilashi, rubutu na yin ƙanana.

Maganar kuɗi kuma kar in ɓoye maka, saba haya ake yi duk wata kuma galibi da dala ko yuro. Takardun Neko ɗin kansu sun nuna in kana son hoto mai girman 1280 da 720 ya tafi lafiya ka nemi firosesa mai kai 4 da RAM wajen giga 3 zuwa 4, mai kai 2 zai tashi amma zaka ji yana ja da ƙyar. Wato ba ƙaramar sabar nan mafi arha da kowa ke fara saya ba ce. Ku yi karo-karo da ɗaliban ko ka nemi kamfanin da ke lissafi da awa, ka tayar lokacin darasi ka goge bayan an tashi, ka lura na ce gogewa, dan kamfanoni da yawa ko ka kashe sabar suna ci gaba da caji matuƙar tana nan ajiye da sunanka.

TAMBAYA: Yaya ni na riga na gwada. Na sa Ubuntu a tsohuwar laftof ɗina, na sa Docker, Neko ya tashi, a gida in na shiga ta wayata komai lafiya lau. Amma abokina da ke Katsina ko shafin baya buɗe masa. Da na hayi saba kuma shafin ya buɗe ya sa fasawod amma skirin baƙi ƙirin yana ta juyawa. Me na yi ba daidai ba? Daga ƙaninka a Kano.

AMSA: Ƙanena ka yi ƙoƙari wallahi, inda ka kai ɗin nan mutane da yawa basu kaiwa, kuma matsalolin naka biyu ne daban-daban kar ka haɗa su.

Ta farko ta gida. Kana amfani da rawuta mai sim ko MiFi ko? Toh kamfanonin waya basa ba kowane sim adireshin intanet nasa shi kaɗai, adireshin IPv4 sun yi ƙaranci a duniya, gaba ɗayansu biliyan 4 da ɗoriya ne, dan haka sai su tara mutane masu yawa a bayan adireshi ɗaya, shi ne ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna ɗari da ƙofar waje ɗaya kuma makullin na hannun mai gida, kai zaka iya fita ka dawo da saƙo amma baƙo daga waje bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Ko ka shiga saitin rawutarka ka buɗe ƙofa ba zai yi ba, dan ƙofar da ta tare abokinka ba a gidanka take ba tana wajen kamfani. Hatta Starlink da ya shigo Najeriya a 2023 ƙaramin tsarinsa na gida haka yake, a bayan CGNAT yake.

Hanya mafi sauƙi in ku biyu ne ko uku ita ce manhajar Tailscale, ka sa a laftof ɗinka, abokinka ma ya sa a nasa ka gayyace shi, sai na'urorin su zama kamar suna gida ɗaya, a kan fasahar VPN mai suna WireGuard aka gina shi kuma yana da tsarin kyauta. Sai ka gaya wa Neko ya riƙa bada adireshin Tailscale ɗin laftof ɗinka. Amma ka sani laftof ɗin gida komai kyanta layinka ne zai riƙa tura hoto ga kowane mai kallo, kowa da nasa, in mutum ɗaya na cin megabit 2 a daƙiƙa mutum biyar megabit 10 kenan kake turawa sama ba tsayawa, ga zafi ga ɗauke wuta, in ba ka da sola ko inbata rabin darasi abu zai mutu. Dan gwaji da koyo laftof ɗin ta isa, dan jama'a kuma saba ta fi.

Ta biyu, baƙin skirin. Wannan nima ya taɓa cinye min dare guda, kuma dalilin shi ne Neko hanya biyu yake bi, TCP da UDP, wato salo biyu na aika bayanai a intanet, kuma kowane saƙo ta ƙofa mai lamba yake shiga na'ura. Shafin da wajen sa fasawod ta ƙofa 8080 suke zuwa da TCP, shi yasa ka gansu. Hoto da sauti kuma ta wasu ƙofofi daban suke bi da UDP, a misalin saitin da ke cikin takardun Neko daga 52000 zuwa 52100. In waɗannan na rufe zaka shiga ɗaki amma ba abin da zaka gani. Ka duba wuri uku, cikin fayil ɗin docker compose, wato inda ake rubuta saitin kwantenar, ka tabbata lambobin ƙofofin da ka buɗe su ne daidai waɗanda ka rubuta wa Neko kuma akwai udp a ƙarshensu, lamba ɗaya in ta saɓa ba zai yi ba, sai katangar tsaro ta cikin Ubuntu, sai kuma wadda aka fi mantawa wato katangar da kamfanin sabar ke da ita a shafinsu, ni tawa matsalar a nan take, na buɗe komai a cikin sabar ashe a waje an toshe. In duk wannan lafiya ne toh saura adireshi, akwai saiti mai NAT1TO1 a sunansa, ka rubuta ainihin adireshin sabarka na waje a ciki dan wani lokacin Neko na sanar da adireshin da ba shi ba sai burauzar mai kallo ta yi ta nema a inda babu kowa.

Akwai kuma inda netwok ɗin mai kallon ne ke hana UDP, kamar wayifai na wasu ofisoshi da makarantu, nan sai ka kunna saitin da ke tura komai ta ƙofa ɗaya da TCP ko ka kafa abin da ake kira TURN da manhajar coturn ya zama ɗan aike a tsakani. Kuma kar ka manta layin shm_size ɗin nan da ke cikin misali, giga 2, in ka cire shi burauzar za ta riƙa faɗuwa musamman dangin Chrome.

TAMBAYA: Na ji an ce tunda saba ce ke buɗe shafukan, data ta ba za ta riƙa ƙarewa ba, kamar Opera Mini. Gaskiya ne? Daga Maraɗi.

AMSA: A'a ɗan'uwa, akasin haka ne ma. Opera Mini sabarsu na matse shafi ta turo maka sau ɗaya shikenan, kana karantawa ba abin da ke tafiya. Neko bidiyo yake turo maka tun daga shigarka har fitarka. Yi lissafi da kanka, megabit 2 a daƙiƙa sau daƙiƙa 3600 ka raba da 8, megabait 900 kenan a awa ɗaya, kusan giga guda. Zaka iya rage girman skirin da ingancin hoton ya sauko amma ba zai taɓa kai karanta shafi kai tsaye arha ba. In data ce damuwarka wannan ba naka bane.

TAMBAYA: Malam ni da ƙanwata muna saro kaya daga China ta intanet, ni ina Kano ita tana Abuja, akawun ɗaya muke amfani da shi kuma kullum sai an ce mu tabbatar mu ne saboda muna shiga daga wuri biyu. Ɗana ya ce zai haɗa mana wannan abin mu riƙa zaɓen kaya tare. Har banki ma za mu iya shiga ta ciki mu biya? Ina tsoro dai.

AMSA: Hajiya tsoronki na kan hanya kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin a haɗa. Wajen zaɓen kaya abin zai yi muku kyau sosai, ke da ƙanwarki kuna kallon atamfa ɗaya ko takalmi ɗaya a lokaci guda, ki ce buɗe wancan ta buɗe, ba sai an yi ta tura hotuna a WhatsApp ana cewa ba wannan ba na kusa da shi, kuma shafin zai riƙa ganin na'ura ɗaya daga wuri ɗaya. Sai dai adireshin saba wasu shafukan na ganewa ba na gida bane, farkon shiga za su iya tsananta tambaya ko su ƙi ma, a gwada kafin a biya kuɗin wata da yawa.

Banki kuwa dan Allah kar ki shiga ta ciki. Ba wai manhajar ɓarauniya ba ce, yanayin abin ne haka. Burauza ɗaya ce tak kuke rabawa, in kin shiga akawun toh duk wanda ke ɗakin ya shiga, ba wani naki daban nata daban, abin da kika rubuta in ya fito a skirin kowa ya gani, in kin tashi baki fita daga akawun ɗin ba wanda ya zo bayanki a buɗe zai tarar. Sannan wanda ke riƙe da sabar, yau ɗanki ne mun yarda da shi, amma fasawod ɗin sabar in ya faɗa hannun wani duk abin da ke cikin burauzar nan ya zama nasa. Ku zaɓi kaya a Neko, in an zo biya ki koma wayarki da manhajar bankinki.

Ga saƙo ki ba ɗan naki, ki nuna masa wannan sakin layin. Yarona Neko na zuwa da fasawod biyu, na baƙo da na shugaban ɗaki, kuma na cikin misali neko ne da admin, duk duniya an san su, ka canza su kafin ka tayar da kwantenar ba bayan ka tayar ba, dan akwai na'urori da aikinsu kenan dare da rana suna zagaya intanet suna taɓa ƙofofi irin 8080. Wanda ya shigo zai yi yawo a intanet da adireshin sabarka, in ya aikata ɓarna sunanka ne a rajistar kamfani. In kuma a gida ka ɗora abin ya fi haka, dan burauzar na cikin netwok ɗin gidanku, zai iya buɗe shafin rawutarku ko kyamarar tsaro in kuna da ita. Ka sayi sunan yanki, wato domain, ka sa manhajar Caddy a gaba ya karɓo maka shaidar HTTPS, mai ɓoye bayanai a hanya, kyauta daga Let's Encrypt, in ba haka ba fasawod ɗin su Hajiya a fili yake tafiya a hanya, kuma kwafa da liƙa rubutu tsakanin na'urarsu da ɗakin ma sai da HTTPS yake aiki yadda ya kamata. Fasawod ɗin shugaba mutum ɗaya ya riƙe, shi ke iya korar mutum da kulle ɗaki. Abu na ƙarshe, kwantena bata da ajiya, in ka goge ta ka tayar da sabuwa duk shigar da suka yi ta tafi, kuma Firefox ɗin ciki an saita ta ta riƙa share tarihi, in kana son ta riƙa tuna akawun ɗin kasuwar sai ka haɗa mata wajen ajiya na dindindin ka gyara dokokinta, kuma ranar da ka yi haka nauyin tsare sabar ya ƙaru a kanka, ka riƙa sabunta ta.

TAMBAYA: A wace ƙasa ya kamata in hayi sabar? Kuma in ni kaɗai zan yi amfani ba tare da kowa ba, Neko ɗin ne dai ya fi?

AMSA: Mafi kusa da masu kallo, amma kusa a hanyar waya ba a taswira ba. Duk dannawar da ka yi sai ta je sabar hoto ya dawo, in tana Amurka zaka ji mawus na bin ka a baya. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin MainOne da Equiano a Legas suke sauka kuma sun haɗa mu da Turai, shi yasa sau da yawa London ko Frankfurt ke yin daidai, wani lokacin ma su fi Johannesburg sauri duk da tana Afirka, ya danganta da yadda kamfanin layinka ke bi da kaya. Akwai masu bada saba a Legas ma, in ka samu mai ƙarfin da ya isa gwada shi. Kafin ka biya ka yi ping, wato gwajin lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, zuwa adireshin gwajin kamfanin daga ainihin layin da zaka riƙa amfani da shi, da rana da kuma dare lokacin da kowa ke kan netwok, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi zaka ɗauka. Ka kuma duba adadin datar da suka yarda sabar ta fitar a wata dan kowane mai kallo nasa kason yake ci.

In kai kaɗai ne kuma, misali kana son wajen buɗe linkin da baka yarda da shi ba kar ya taɓa kwamfutarka, ko kana son burauzarka ta aiki ta zauna wuri ɗaya ka shiga daga shago ko gida, Neko zai yi amma an fi gina shi dan taro. Ka duba Kasm Workspaces, shi kowa nasa ɗakin daban ake bashi kuma ana gogewa in an gama, ko kwantenar Firefox ta LinuxServer.io wadda ta fi sauƙin tayarwa tunda ta ƙofar shafi kawai take bi ba ruwanka da wahalar UDP ɗin da ƙanenmu na Kano ya sha. In kuma kwamfutar mahaifinka kake son gyara masa daga nesa toh ba burauza kake nema ba, RustDesk zaka sa masa.

Mai tambaya kan neko-rooms, wato yadda ake buɗe ɗakuna da yawa a saba ɗaya, ka turo min girman sabar taka da yawan mutanen da kake sa rai, da su zan amsa maka a fitowa ta gaba in sha Allah.